Ruwan sama da tseren motoci: tun daga wurin fakin ake fara shan kashi

Duk mai bin Formula 1 a talabijin ya san yadda abun yake idan hadari ya haɗo, masu sharhi su fara ɗaga murya, kyamara ta koma kan gajimare, a nuno injiniyoyi sun ƙura wa allon hasashen yanayi ido, mu kuma na gida muna gyara zama don tseren ruwa ya fi daɗin kallo, nan ne ƙaramar mota take iya kunyata babba. To amma akwai wasu mutane a wannan filin da ɗigon farko yake faɗar musu da gaba, kuma ba direbobi ba ne. Masu filin ne. Su tunaninsu ba ya kan waye zai ci, yana can bayan katanga inda dubban motocin 'yan kallo suke jere a kan ciyawa, da yadda za a fitar da su kafin dare ya yi.

Silverstone ta Ingila ita ce misalin da ya fi fito da wannan a fili. Asalinta sansanin jiragen yaƙi ne na lokacin yaƙin duniya na biyu, a nan aka yi tseren farko na gasar duniya ta Formula 1 ranar 13 ga Mayu 1950, kuma har yau tana nan a tsakiyar gonaki, ƙauyuka ne kawai kewaye da ita, babu tashar jirgin ƙasa a kusa. Haka aka saba gina filayen tsere, nesa da gari, saboda ƙarar injin da kuma arahar ƙasa. Sai dai wurin da yake shiru kusan duk shekara, a 'yan kwanaki cikin watan Yuli yana komawa birni guda, a 2023 an ce mutum 480,000 ne suka shiga cikin kwanakin tseren gaba ɗaya. Mu yi lissafin kai mai sauƙi, a ce mutum 120,000 ne suka zo ranar Lahadi, a ce kowace mota ta ɗauko mutum uku, mota 40,000 kenan. Filin ƙwallo guda idan ka bar hanyar shiga da fita da ƙyar ya ci mota 300. Kenan kana neman wuri mai girman filayen ƙwallo sama da ɗari, don amfanin kwana uku ko huɗu a shekara.

Waye zai zuba kwalta a irin wannan fili? Babu. Kuɗin ba zai taɓa dawowa ba, hukumar tsara gari ma ba za ta yarda a shafe gonaki da kwalta haka kawai ba, kuma ko an yarda ruwan da da ƙasa take shanyewa sai ya nemi inda zai bi, ya tafi gidajen maƙwabta. Shi ya sa mafi yawan wuraren fakin da wuraren kafa tanti ciyawa ce zalla, wasu na filin ne wasu kuma gonakin manoman yankin ne da suke bayarwa haya su ma su sami nasu rabon. Idan rana ta fito babu wanda yake tunawa da wannan. Idan an yi sati ana ruwa kuwa, duk tsarin ya dogara ne a kan ciyawar da kaurinta bai kai tafin hannu ba.

A shekarar 2000 aka fara ganin abun da idon duniya. An ɗauke tseren Birtaniya daga Yuli aka kai shi Afrilu, ya faɗo ranar Ista, 23 ga wata, lokacin da kowane ɗan Ingila ya san ƙasa a jiƙe take. Wasu har yau suna cewa da gangan Bernie Ecclestone, mai riƙe da harkar kasuwancin Formula 1, ya yi haka don ya matsa wa masu filin saboda takun saƙar da ke tsakaninsu, shi dai jadawalin a hannunsa yake a lokacin. Ruwa ya zuba, wuraren fakin suka koma taɓo, ranar Asabar aka hana motocin jama'a shiga, ranar Lahadi da safe kuma hazo ya sauka ya hana helikwafta tashi, har masu kuɗin da suka saba tsallake gosulo ta sama suka ɗanɗana. David Coulthard ya ci tseren amma hotunan da suka zaga duniya na taraktoci ne suna jan motoci daga cikin laka. Abun kunyar ya yi amfani ta wani ɓangaren, domin bayan nan ne aka faɗaɗa babbar hanyar A43 da ke wucewa ta wurin ta koma tagwaye, aka ƙara wuraren fakin masu tsakuwa, aka mayar da tseren Yuli, kowa ya ce an gama da wannan matsalar.

Shekara goma sha biyu bayan nan sai ga ta ta dawo, kuma a Yulin. Daga Afrilu zuwa Yuni na 2012 Birtaniya ta sha ruwan da aka jima ba a ga irinsa ba, ƙasa ta ƙoshi, ba ta da inda za ta ƙara sa ko ɗigo. Ranar Juma'a 6 ga Yuli aka wayi gari ana tsuga ruwa. Yadda abun ya lalace yana da kyau a duba shi a hankali, don ba wai hanya ce ta yi kaɗan ba, hanyar tana nan lafiya lau. Wuraren kafa tanti ne suka fara cika da ruwa, manyan motocin nan masu ɗaki a ciki da mutane suke kwana suka kasa shiga da kansu sai an ja su ɗaya bayan ɗaya, wasu wuraren suka rufe ƙofa suka ce ba sa karɓar kowa, waɗanda aka mayar kuma ba su da inda za su, sai suka tsaya a kan titi suna neman mafita. Ƙofa ɗaya ta toshe, layi ya taru a bayanta, ya kai shataletale, shataletale ya toshe, ya hau babbar hanya. Mutane suka shafe awanni a cikin mota suna jin ƙarar motocin tsere daga nesa da tikitinsu a aljihu, har ma'aikatan ƙungiyoyin tseren wasu sun maƙale a ciki.

Da dare sai shugaban filin na lokacin, Richard Phillips, ya fito ya ba da haƙuri, ya kuma yi abun da ba a saba ji ba daga bakin mai sayar da tikiti, ya roƙi mutane kusan 20,000 masu takardar fakin na jama'a da kar su zo ranar Asabar. Dalilin shi ne kusan rabin wuraren fakin sun lalace, idan aka bari aka sake tattake sauran ranar Asabar to ranar Lahadi, ranar da ita ce gaba ɗaya dalilin taron, ba za a sami inda za a sa kowa ba. Aka sadaukar da Asabar don a ceci Lahadi, aka yi alkawarin mayar da kuɗin waɗanda suka rasa kallo, aka kwana ana zuba tsakuwa ana shimfiɗa abun takawa. Dabarar ta yi aiki kuwa, Lahadi rana ta fito, jama'a suka shiga, Mark Webber ya wuce Fernando Alonso a kusa da ƙarshe ya ci. A ganina shawarar daidai ce, duk da ɗacinta, amma ka tuna mutumin da ya ɗauki hutu a wurin aiki ya kama otal ya ɗauko yaransa daga wani gari mai nisa, kuɗin tikiti kawai za a mayar masa, sauran asarar tasa ce.

Ga yadda ciyawa take cin amana. Motar farko da ta shiga da safe lafiya take wucewa, saiwar ciyawa tana riƙe da ƙasa. Ta ɗari ta fara barin sawu. Ta dubu kuwa ta tarar an murje ciyawar an kai ga laka, direba ya ji taya na juyawa a banza ya ƙara taka totur, ya haƙa rami, na bayansa ya kauce ramin ya buɗe wani sabo a gefe. Kuma duk wannan a bakin ƙofa yake faruwa, domin fili komai faɗinsa kowa ta wuri ɗaya yake shiga ta wuri ɗaya yake fita. Wanda ya taɓa ganin mashigar kasuwar ƙauye ranar da take ci a tsakiyar Agusta ya san hoton, ciki da sauƙi, bakin ne yake kashe mutum. Shi ya sa masu filayen yanzu ba sa ɓata kuɗi a kan dukkan fili, bakin ƙofa da manyan layukan ciki suke yi wa aiki, su zuba tsakuwa ko su shimfiɗa faifan ƙarfe ko na roba da ake haya, su sa raga a ƙarƙashin ciyawa, su yi yarjejeniya da manoma su ajiye taraktocinsu a kusa, su ware wasu filaye a rufe ba a taɓa su sai Lahadi. Sannan su rage yawan motocin da ke isowa tun farko, a ajiye mota a wani wuri mai nisa mai daɓe a hau bas, ko a ɗauko mutane daga tashoshin jirgin ƙasa na Milton Keynes da Northampton. Ranar tsere 'yan sanda suna juya hanyoyin yankin, da safe kusan duk layuka shiga suke, da yamma a juya su su koma fita.

Yanzu mu shigo kan kwaltar kanta. Mutane da yawa suna tambaya, motar da aka kashe mata miliyoyin daloli me zai sa ta kasa gudu a ruwa? Tayoyin ruwa suna nan ai, kamfanin taya na Pirelli na kawo iri biyu, mai koren zane don yayyafi da mai shuɗin zane don ruwa sosai, kuma kamfanin yana cewa mai shuɗin tana iya watsar da lita 85 na ruwa a daƙiƙa ɗaya idan mota na gudun kilomita 300 a awa, taya ɗaya kenan fa. To ruwan nan da ta watsar ina ya tafi? Sama ya tashi. Ga kuma ƙasan motar da aka ƙera shi ya riƙa zuƙo iska don ya manne ta da titi, musamman motocin da aka fara amfani da su a 2022, shi ma yana zuƙo ruwan ya feso shi baya. Na gaba yana gani tar, na biyu yana gani kaɗan, na goma kuwa farin bango yake bi yana kintatar kwana da ƙarar injin na gabansa. Idan wani ya juya ya tsaya a tsakiyar titi babu wanda zai gan shi sai an dake shi, kuma irin wannan ne ya kashe matashin direba Dilano van 't Hoff a filin Spa na Beljiyam a Yulin 2023 a wata ƙaramar gasa. Hukumar FIA mai kula da tseren motoci ta duniya ta gwada sa wa tayoyi murfi don rage feshin, a Silverstone a 2023 da kuma filin gwajin Ferrari a 2024, abun bai yi wani tasiri ba aka watsar. Shi ya sa tayar nan mai shuɗi ta zama abun dariya a wurin masu kallo, duk lokacin da ruwa ya kai a sa ta to ya kai a ɗaga jar tuta a tsayar da tsere.

Abun da mai fili yake iya yi shi ne ya hana ruwa kwanciya. Titin tsere ba a shimfiɗe yake ɗam ba, ana karkatar da shi kaɗan yadda ido ba zai lura ba don ruwa ya gangara gefe ya faɗa magudana, kuma kuskure kaɗan a wannan yana iya rusa komai. Silverstone ɗin dai ta sake zama darasi a 2018, sun sake kwaltar filin gaba ɗaya a farkon shekara, da gasar tseren babura ta MotoGP ta zo a Agusta aka yi ruwa sai sabuwar kwaltar ta riƙe shi a wasu wurare, ranar Asabar mahaya suka riƙa zubewa a kwanar Stowe har babur ya daki Tito Rabat ya karya masa ƙafa, ranar Lahadi aka yi ta ɗagawa ana jira jama'a na zaune cikin sanyi har yamma, ƙarshe aka soke tseren gaba ɗaya. Dole aka sake kwaltar a 2019. A Interlagos ta Brazil kuwa, wadda take a cikin kwari, a 2003 wani rafi ne ya riƙa ratsa kwana ta uku yana kwashe motoci ɗaya bayan ɗaya har da ta Michael Schumacher, daga baya aka riƙa tsaga ƙananan layuka a jikin kwaltar don ruwa ya sami hanya.

Akwai wani abu kuma da yake tsayar da komai ko titi a bushe yake, helikwaftan asibiti. Doka ce, idan ba zai iya tashi ba ko ba zai iya sauka a asibitin da aka tanada ba, kuma motar asibiti ba za ta kai cikin ɗan lokacin da aka ƙayyade ba, motar tsere ba ta fita. Haka aka rasa atisayen Juma'a a Nürburgring ta Jamus a 2020 saboda hazo, 'yan kallo na zaune suna kallon titi babu kowa. Duk wannan tsantsenin da wasu tsofaffin masoya suke kira tsoro yana da tushe. Ranar 5 ga Oktoba 2014 a Suzuka ta Japan, guguwar Phanfone na tafe, ruwa na ƙaruwa duhu na shigowa, motar Jules Bianchi ta zame ta daki motar ɗaukar kaya da ta shigo cire motar Adrian Sutil, ya rasu a Yulin 2015 bai farfaɗo ba. Tun daga ranar duk daraktan tsere da zai ce a ci gaba cikin ruwa da wannan hoton a kansa yake magana. Kuma an yi ta muhawara a kan me ya sa ba a matso da tseren da wuri ba tunda an san guguwa na zuwa.

Amsar wannan tambayar ita ce agogon talabijin. Lokacin fara tsere ba don na cikin fili ake sa shi ba, don masu kallo na Turai da tashoshin da suka biya kuɗi ake sa shi. A Malesiya a 2009 an kai farawa ƙarfe biyar na yamma don ya dace da Turai, alhali duk ɗan ƙasar ya san lokacin ne sama take ɓallewa, aka tsayar da tsere ya ɗan wuce rabi kawai, duhu ya hana a dawo, aka raba rabin maki. Bayan tseren Kanada na 2011 da ya ci sama da awa huɗu saboda ruwa sai aka sa iyaka, awa huɗu, daga baya aka rage zuwa uku. An fara koyon sassauci dai, a Brazil a 2024 da ruwa ya hana zagayen neman gurbi ranar Asabar sai aka kai shi Lahadi da sassafe aka kuma matso da tseren gaba, aka sami ɗaya daga cikin tsere mafi daɗi na shekarar, Max Verstappen ya taso daga na 17 ya ci. Ita ma Suzuka daga 2024 an ɗauke ta daga lokacin guguwa an kai ta bazara. Ka lura, mafi arahar maganin ruwa shi ne kalanda.

Sai Spa 2021, wanda har yanzu idan aka ambace shi ran mutane yake ɓaci. Filin yana cikin dazukan Ardennes na Beljiyam, tsawonsa ya ɗan haura kilomita bakwai, ana iya yin ruwa a wani ɓangare rana na haskawa a wani, kuma yawancin 'yan kallo ba rumfa suke ba, a kan gangaren tudu suke zama cikin bishiyoyi, sun yi tafiyar ƙasa mai nisa daga inda suka bar mota. Ranar 29 ga Agusta ƙarfe uku ya kamata a fara. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa, minti biyar, minti goma, ba wanda ya fito ya gaya wa mutane gaskiya, suna tsaye cikin rigunan leda laka har idon sawu. Bayan sama da awa uku aka fito da motoci suka bi bayan motar jagora zagaye biyu, ba wanda aka yarda ya wuce wani, aka ɗaga jar tuta aka ce an yi tsere. Verstappen na ɗaya, George Russell na biyu, Lewis Hamilton na uku, aka ba da rabin maki, har aka hau dandamali aka karɓi kofi. Hamilton da kansa ya fito ya ce ya kamata a mayar wa mutane kuɗinsu. Ba a mayar ba.

Ƙin yin tseren ba laifi ba ne, babu wanda yake gani a ranar. Laifin yana wurin zagaye biyun nan, don kowa ya fahimci amfaninsu, da zarar an ce tsere ya gudana a hukumance to an cika kwangila. Nan ne lissafin kuɗin yake fitowa, mai fili yana biyan Formula 1 maƙudan kuɗi don a kawo masa tsere, kuɗin talabijin da manyan tallace-tallace na Formula 1 ne, shi abun da ya rage masa tikiti ne da fakin da abinci da wurin kwana. Idan ya mayar da kuɗin tikiti alhali shi ba a mayar masa da nasa ba ya karye, musamman irin su Silverstone da wata ƙungiyar direbobi ce ta mallake ta ba gwamnati ce take ɗaukar nauyi ba. Kowa sai ya tura wa na ƙasa da shi, na ƙarshe a layi shi ne mai rigar leda. An gyara dokar maki daga 2022, yanzu sai an yi aƙalla zagaye biyu na gaske ba tare da motar jagora ba kafin a ba da komai, amma wannan gyaran na direbobi ne, mai tikiti har yanzu abun da aka rubuta da ƙananan haruffa a bayan tikitinsa shi ne hukuncinsa.

Amurkawa nasu salon daban ne. A manyan filayensu masu siffar ƙwai, irin su Daytona da Indianapolis, ba a tsere a ruwa sam, gudun ya yi yawa kuma bango na nan a gefe. Sai dai a jira ya ɗauke a busar da titi, da can da injin jirgin sama da aka ɗora a bayan mota yana hura zafi, daga 2013 kuma NASCAR, mai shirya babbar gasar tseren motoci ta ƙasar, ta kawo wata na'ura mai suna Air Titan mai tura ruwa da iska mai ƙarfi. Idan bai yiwu ba a dawo gobe da tikitin jiya. Daytona 500 na 2012 sai Litinin da dare aka yi shi, a daren ne ma Juan Pablo Montoya ya daki motar busar da titi wuta ta tashi. Wannan tsarin ya fi adalci ga mai tikiti, amma yana yiwuwa ne saboda su a cikin ƙasa ɗaya suke yawo da tireloli, Formula 1 kuwa daren Lahadi ake naɗe kaya a zuba a jirgi don wata ƙasa tana jira, ma'aikatan sa-kai da ke tsaron gefen titi kuma Litinin kowa yana wurin aikinsa.

Tsawa ce abun da ya fi ba su tsoro. Mutum dubu ɗari zaune a kan kujerun ƙarfe a fili fetal, ina za ka kai su? A filin tsere na Pocono a 2012 tsawa ta kashe wani ɗan kallo a wurin fakin bayan an tsayar da tsere. Yanzu NASCAR idan aka ga walƙiya a tazarar mil takwas ana tsayar da komai na minti talatin, a Indianapolis 500 na 2024 an fitar da mutane daga kujeru aka jinkirta tsere kusan awa huɗu. Abun dariyar shi ne mafakar da ake cewa mutane su nufa ita ce motarsu, wato wurin fakin ɗin nan dai.

Fita ta fi shiga wuya, ko da ruwa ko babu. Da safe mutane a rarrabe suke zuwa, wani ƙarfe shida wani goma, amma da an kaɗa tutar ƙarshe kowa a minti ɗaya yake miƙewa. Shi ya sa kake ganin ana buɗe titi a bar jama'a su shiga su je gaban dandamali, ana kuma shirya kiɗa da manyan mawaƙa bayan tsere, ba don nishaɗi kaɗai ba, duk wanda ya tsaya kallon mawaƙi mota ɗaya ce da ba ta kan hanya a wannan awar. Ruwa yana rusa wannan dabarar, wanda ya jiƙe tun safe ba zai tsaya jin waƙa ba.

Waɗanda suka fi burge ni a wannan fannin 'yan Holan ne. Da tsere ya dawo Zandvoort a 2021, garin ƙarami ne a bakin teku hanyoyin shigarsa ba su da yawa, sai kawai suka ce baƙo ba zai shigo da mota ba. Jirgin ƙasa daga Amsterdam duk minti biyar, dubban kekuna a wuraren da aka tanada, bas-bas, wasu a ƙafa. Sama da mutum dubu ɗari a rana suna shiga suna fita, a 2023 aka yi musu ruwa kamar da bakin ƙwarya har aka tsayar da tsere, amma ba a ji labarin tarakta ba. Sai dai kar a ɗauka hana mota kaɗai ya isa. Fuji ta Japan ta gwada haka a 2007, aka ce kowa ya zo da bas, ruwa ya zuba hanyar bas ɗin ta rufta a wasu wurare, mutane suka yi awanni a tsaye cikin sanyi suna jiran abun hawa, har wasu suka kai ƙara kotu. Zandvoort ta ci nasara ne don tashar jirgi tana nan tafiyar ƙafa daga fili, ƙasar wurin rairayi ce mai shanye ruwa, mutanen kuma da keke suka tashi tun suna yara. Silverstone da Spa ba su da ko ɗaya daga cikin ukun, sai dai su ci gaba da ƙara tsakuwa da bas kowace shekara, kuma jama'ar ƙaruwa suke yi.

Wani lokacin kuma babu dabarar da ta rage. A Mayun 2023 ambaliya ta afka wa yankin Emilia-Romagna na Italiya, mutane suka mutu dubbai suka bar gidajensu, kogin Santerno da ke bin gefen filin Imola ya cika ya fara shiga harabar. Tun ranar Laraba aka soke tseren, kuma hujjar da aka bayar ba ta kwalta ba ce, an ce ba daidai ba ne a janye 'yan kwana-kwana da motocin asibiti da 'yan sanda daga aikin ceto a kawo su gadin tsere, a kuma ɗora dubban baƙi a kan hanyoyin da suka lalace. A wannan karon an mayar wa masu tikiti kuɗinsu ko aka ba su zaɓin su riƙe shi zuwa shekara mai zuwa, tunda babu motar da ta ko taka titi balle a ce an yi zagaye biyu.